Malam Kashe-Kunna da teburin da babu allo

Kafin masu shara su gama da barandar ƙasa, ya riga ya hau bene ya sauko. Ba ya fara shiga ofishinsa. Ɗaki ɗaki yake bi, yana tura ƙofa da kafaɗa, domin hannuwansa ba sa rabuwa da kaya: sukundireba, guntun kebul, tsumman goge ƙura. Ya kashe kwamfutar da wani ya tafi gida ya bari a kunne, ya janye kofin wani daga kusa da soket, ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya fito da ƙura a gwiwa. In ka gaishe shi, daga ɗakin gaba amsar za ta zo maka. Shayinsa a tsaye yake sha, rabinsa kuma a kan taga yake hucewa.

A gidan rediyon nan babu mai kiransa da sunan yanka. Malam Kashe-Kunna. Fiye da shekara ashirin, duk wanda ya je masa da kukan kwamfuta, kafin ya rufe baki ya ji amsa: "Kashe ka kunna." Abin haushin shi ne sau da yawa sai ta tashi. Direban gidan ya rantse cewa ranar da mota ta tsaya masa a bakin ƙofa, Malam ya wuce da sauri, bai ko waiwayo ba, ya jefa masa maganar nan, motar kuwa ta ji.

Ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki. An yi ɗan taro, an yi jawabai. Shi yana bakin ƙofa a tsaye, ya ƙi kujerar da aka ajiye masa a gaba, kuma ana cikin yabonsa ya zagaya bayan mai jawabi ya gyara lasifikar da ke ƙara. An ce mai haƙuri ne. Wannan ba gaskiya ba ce. Yana da saurin hawa, ba ya bayani, kuma bai taɓa kai gaisuwa ƙarshe ba. Abin da ya kamata a faɗa a wurin babu wanda ya faɗa, shi ya sa nake rubuta shi. Rabi na gani da idona, rabi waɗanda suka gani ne suka ba ni.

Yayata makauniya ce. Tana 'yar firamare ciwo ya tafi da idon. Ita ce mai buga labarai a gidan: wakilai su aiko da rahoto da murya ta waya, ta saurara da kunne ɗaya ta buga, Edita ta gyara, a kai wa mai karantawa. Ɗaya kunnen na kwamfuta ne. Akwai manhajar da ke karanta mata duk abin da ta danna da duk inda ta shiga, da muryar namiji. Ta sa masa suna Aku. Malam ne ya saka mata shi tun farkon zuwanta. Shekara da shekaru tana ƙara masa sauri, har ya kai in ka tsaya kusa ba ka jin komai sai kamar ruwan sama a kan kwano. Ita kaɗai ke jin magana a ciki.

Teburinta babu allon kwamfuta. Wata shekara na ofishin albashi ya ƙone, aka zo aron nata "na kwana biyu", tunda dai ba kallo take ba. Ba a dawo da shi ba, ita ma ba ta tambaya ba. A gurbinsa ta ajiye filas ɗin shayi. Akwatin kwamfutar yana ƙasa kusa da ƙafarta, kibod a gabanta, shi ke nan.

Tun da na dawo gida daga karatu ni ke kai ta da safe in ɗauko ta da yamma. A inda na yi karatu, ofis guda ake warewa da ma'aikatansa don irin buƙatarta. A nan mutum ɗaya ne, ofishinsa kuma a ƙarƙashin matakala, inda dogo ba ya miƙewa.

Sai aka ce za a canja babbar manhajar da kwamfutocin gidan ke tafiya a kai. Masu ita sun daina toshe wa tsohuwar ɓaraka, wanda ya ci gaba da ita kuwa, shi da ɓarayin intanet. Babu wanda ya yi musu, dole ce. Manaja ya tara ma'aikata ya sanar, bayan taro kuma ya tsayar da Malam a baranda. Edita na tsaye tana ji, ita ta ba ni labarin.

"Abin nan mai yi wa Malama magana, zai yi aiki a sabon tsarin?"

"Tsohon ba zai yi ba, ranka ya daɗe. Akwai wani."

"Zai yi kamar wancan?"

"Zai yi magana."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Labarai ba sa jiran kowa. In ta kasa, akwai kujera a ƙasa, wurin amsa waya. Ba korarta za a yi ba."

Manaja ba mugu ba ne. Mutum ne mai agogo a hannu da wasu manya a kansa. A ganinsa ma sauƙi ya nema mata. Amma a gidan rediyo magana ba ta kwana, kuma da yammar ranar, kafin in tayar da mota, Yaya ta ce:

"Auta, an yi min shimfiɗa a wurin waya."

"Wa ya ce?"

"Bango. In zauna ina 'Sannu, wa ake nema?' har Allah ya karɓi abinsa. Ka san wa ake ajiyewa a can? Wanda ake jin kunyar kora."

Ba a gaya mata Aku zai tafi ba. Abin da ya iso kunnenta shi ne za a taɓa na'urarta, kuma an fara auna mata kujera. Daga ranar ba ta sake zama lafiya ba. A mota yatsunta na buga rubutu a kan gwiwa. A gida ta tashi ta ɗauki kwano ta ajiye, ta sake ɗauka. Innarmu ta ce mata ta bar wa Allah.

"Na bar masa, Inna. Yatsuna ne ba su ji ba."

Lokacin saura ƙasa da wata biyu Malam ya ajiye aiki, an ma riga an ɗauki matar da za ta gaje shi. Da ya ja ƙafa kaɗan, da aikin ya faɗa kanta, babu mai ganin laifinsa. Abin da ya yi shi ne ya fara ɗora sabon tsarin a kan tasa kwamfutar, ya saka sabuwar muryar, sannan ya zare kebul ɗin allonsa ya juya allon ya fuskanci bango.

Mai sharar benen ce ta fara ganowa. Ta ce: "Ina shara sai na ji muryar mace a ƙarƙashin matakala, shi kuma yana ta yi mata faɗa. Na ce to, Malam ya yi baƙuwa, bari in ga wace mai ƙarar kwana ce. Na leƙa, sai ga shi shi kaɗai, ido a rufe, yana cewa, 'Ba nan na ce ki kai ni ba, 'yar nema!' Na ja tsintsiyata na yi gaba. Na ce ritaya ta fara taɓa bawan Allah."

Haka ya yi wajen wata guda. Duk saƙon da zai aika, duk takardar da zai buga, da kunne. Aikin da yakan gama kafin shayi ya huce sai ya cinye masa safiya. Mutane suka fara gunaguni cewa Malam ya yi sanyi.

Kai ne mutumin da bai iya zama ba, Malam, ka zauna cikin duhun da ba naka ba. Babu wanda ya sa ka, babu wanda zai tambaye ka. Kana iya buɗe ido a duk lokacin da ka ga dama, allon yana nan kusa da gwiwar hannunka, jonawa da juyawa kawai za ka yi. Mai shara ta ce har ƙura ta taru a bayansa.

Malam bai gaya wa Yaya komai ba. Shirinsa shi ne ya bar tata sai ƙarshe, ranar Asabar da ba ta aiki, su zauna su biyu babu mai tsaye a kansu. Sauran kwamfutocin kuwa duk a rana ɗaya zai yi su. Suna haɗe da juna ta kebul, daga ƙarƙashin matakala zai danna, kowace ta fara. Ta Yaya ce kaɗai za a zare wa kebul ɗin ta ci gaba da aiki a tsohon tsari, ita ce za ta fitar da labaran ranar yayin da sauran ke jira.

Haɗarin aikin guda ne: a kashe na'ura tana tsakiyar canji. Ya kuma san mutanensa, tunda shi ya horar da su. In allo ya daɗe bai motsa ba, hannu ashirin ne za su nufi maɓalli. Don haka da sassafe ya bi ɗaki ɗaki da takardu da salatif, ya manna a goshin kowane allo, da manyan baƙaƙe: KADA A KASHE. Gidan ya ɗauki dariya. Wani ya ce Malam ya tuba. Wani ya ce a kira mai ɗaukar hoto.

Ya shiga ɗakin labarai, ya durƙusa a bayan akwatin Yaya zai zare kebul. Yana durƙushe aka kwaɗa masa kira daga situdiyo, kwamfutar da ke kan iska ta tsaya, gidan ya yi tsit a kunnen masu sauraro. Ya zabura a guje. Ya gyara, ya sauko ta ɗaya matakalar, ya shiga ofishinsa ya danna. Daga baya ya ce ya tuna durƙusawar sarai, ya tuna sanyin siminti a gwiwarsa, don haka zuciyarsa ta ba shi ya zare.

Abokan aikin Yaya, da suka ga na'urorinsu sun kama aikin kansu, sai suka fita baranda hira. Ita kaɗai ta rage, tana buga rahoton wata gada da ruwa ya cinye. Can Aku ya yi shiru a tsakiyar kalma. Ta danna, shiru. Ta jira. Ta sa hannu a jikin akwatin, fankarsa na juyawa. Ta ƙara jira, tana tunanin agogo. Sannan ta yi abin da aka koya mata tun ranar da ta fara aiki. Ta danne maɓalli har fankar ta tsaya, ta sake dannawa. Shiru. Ta maimaita.

Edita ta shigo ta ga hannunta a ƙarƙashin tebur.

"Wayyo, Malama! Kada ki kashe!"

"Tun yaushe?"

"Ai an rubuta, an manna a ko'ina!"

Edita ta ce maganar na fita daga bakinta ta ji kamar ta kamo ta ta mayar. Ta dubi teburin. Filas ne a tsaye a inda allo ya kamata ya kasance, babu takarda a jikinsa.

Ina wurin aikina waya ta shigo. "Auta, zo ka ɗauke ni." Tun da take aiki ba ta taɓa neman tafiya gida kafin a tashi ba.

Na same ta a zaune, jaka a cinya, sandarta a miƙe a hannu. Ƙafafun Malam kawai ake gani daga ƙarƙashin teburin. Ya ɗauko allon wani ya jona, allon baƙi ƙirin sai ɗan rubutu layi ɗaya a sama. Mutane sun cika ƙofa, kowa na ba da shawara. Manaja ya ratso su.

"An ce Malama ta kashe ana cikin aiki. Haka ne?"

Malam ya fito da baya, ya miƙe. "Ni na kashe, ranka ya daɗe. Hannunta kawai na ara."

"Ban gane ba."

"Shekara ashirin ina ce mata in ya yi shiru ta kashe ta kunna. Yau na canja magana, na rubuta a takarda na manna a allo. Ina allonta? Kebul ɗin da ya kamata in zare kuma ga shi nan a jone, zo ka gani."

"To na ji, laifinka ne. Wa zai buga labaran rana?"

Babu. Sauran na'urorin ba su gama ba. Edita ta ɗauki biro ta saurari rahotanni ta rubuta da hannu, rubutunta kuwa ita ma sai ta yi da gaske take karanta shi. Muna ɗakin muka ji labaran ta lasifikar bango. Mai karantawa ya yi tuntuɓe, ya koma, ya nemi gafara, ya sake tuntuɓe. Duk tuntuɓe sai kafaɗar Yaya ta motsa kamar an tsikare ta.

Manaja ya dawo. Muryarsa a ƙasa, ba faɗa. "Gobe Malama ta ɗan zauna a wurin waya kafin a gyara."

"Na kwana biyu," in ji Yaya. "Kamar allona."

Babu wanda ya yi dariya. Malam ya ce, "A ba ni lokaci zuwa labaran yamma," kuma bai jira amsa ba. Muka ji takunsa yana sauka. Ya dawo rungume da akwatin kwamfutarsa, kebul na jan ƙasa a bayansa. Na miƙa hannu zan taya shi, ya ce, "Riƙe ƙofa kawai." Ya ture matacciyar gefe, ya jona tasa, ya mayar wa mai allo allonsa. Can sai ga muryar mace, a hankali, tana jan kalmomi.

"Wace ce wannan?" in ji Yaya.

"Sabuwar ce."

"Ina Aku?"

"Aku ya tafi, Malama. Ko ba ki kashe ba, ranar Asabar zai tafi."

"Ka sani ka yi shiru?"

"Na sani."

"Ka ɗauke ni yarinya ke nan."

"Na ɗauke ki mai saurin fushi."

Ta miƙe ta buga sanda a ƙasa. "Auta, mu tafi." Makullin motar yana hannuna. Maganar ba hurumina ba ce.

Malam bai roƙe ta ba. Ya ce, "Ni da nake bugu da yatsa biyu, wata guda na yi da matar nan babu allo, na kuma iya da ita. In ke ta fi ƙarfinki, ki faɗa. Ni zan je in gaya wa Manaja da bakina, ba sai kin wahala ba."

Edita ta dafe baki. Yaya ta juyo wajensa. Sannan ta naɗe sandar, ta jefa jakar a kan tebur har filas ya yi rawa.

"Yatsa biyu," in ji ta. "Matsa min."

Ta zauna ta ɗora yatsu. Ta danna abin da ta saba dannawa don buɗe sabon shafi, muryar ta kai ta wani wuri dabam. Ta sake, ta ƙara ɓata. "To malamin yatsa biyu, ina hanya?"

Ya dubi kibod ɗin, ya kai hannu ya janye. "Tsaya," in ji shi. "Da ido ban san su ba." Ya koma bayan kujerarta, ya dafa ta da hannu biyu, ya rufe ido. Yatsunsa suka fara motsi a kan katakon. "Na ƙasa can a kusurwar hagu, danne shi. Haɗa da na kusa da shi. Saki. Yanzu saurara, za ta ce miki jerin abubuwa. Kada ki amsa na farko, ƙarya take, na biyun ne."

"Ka rufe ido ne?"

"Na rufe."

"Sannu da zuwa garinmu."

Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu bai ɗauka ba. Sauran na'urorin sun fara gamawa, mutane na zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani daga sashen talla ya leƙo: "Malam, tawa ta gama, ta rubuto wai..."

"Karanta abin da ta ce ka bi. Kana da ido."

Ban taɓa ganinsa wuri ɗaya tsawon lokaci haka ba, kodayake ƙafafunsa ba su yarda ba, yana ɗaga wannan yana ajiye wancan kamar mai tsaye a kan yashi mai zafi. Edita na kai da komo tsakanin tebur da ƙofa. Ni ma na kasa zama.

"Matar nan tana magana kamar mai ciwon haƙori," in ji Yaya. "Ƙara mata sauri."

Ya gaya mata inda za ta danna.

"Ƙara."

"Ki bi a hankali."

"Ƙara, na ce."

"Ni fa na daina jin abin da take cewa."

"Ai ba da kai take ba."

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Ta goge sakin layi guda da kuskure ta yi ashar ɗin da ban san ta iya ba. Wani wurin shi ma ya ɓata, suka yi ta lalube tare, tana ce masa ya kai ta daji ya yar. Rahotanni na shigowa, tana bugawa, firinta na tofowa, Edita na fizgewa. Har mai karantawa ya fara kanun labarai shafin ƙarshe bai fita ba. Edita ta cire takalmi ta riƙe a hannu ta bi baranda a guje da shi. Rahoton gadar nan bai samu shiga ba.

Ta lasifikar bango muka ji an karanta labaran tas, babu tuntuɓe. Manaja ya leƙo, ya dubi teburin, ya dubi Malam da har lokacin bai saki kujerar ba.

"Na gada bai shiga ba."

"Gobe zai shiga, ranka ya daɗe," in ji Yaya.

Ya dubi agogonsa. "To, sai goben."

Bai ambaci wurin waya ba, amma bai ce an fasa ba. Makon nan duka a kan ƙaya ta yi shi. Hannunta ya yi nawa a sabon tsarin, ta kuma sani, tana kuma jin takun Manaja duk sanda ya rage sauri a bakin ƙofa. Malam kan zo kowace safiya ya tsaya a bayanta. Ranar da ta nuna masa wata gajeriyar hanya da shi bai sani ba, ya ce, "To, na gama," ya fita. Maganar kujerar ƙasa ba ta sake tasowa ba. Tsohuwar na'urar ya tashe ta daga baya, ya kwashe mata ayyukanta. Aku bai dawo ba. Har yau ba ta raɗa wa sabuwar suna ba, "matar nan" take ce mata.

Washegarin ranar da abin ya faru, Malam ya zo da marfin kwalbar lemo da salatif. Ya kama hannunta ya kai kan maɓallin akwatin, ya kifa marfin a kai ya manne.

"Sabon tsarin nan yana yawan gyara kansa, in yana yi kuma shiru za ki ji. Duk ranar da zai yi, zan zo in sa wannan. In kin kai hannu kin ji marfi, ki ƙyale ta. In babu marfi..."

"Kashe ki kunna."

"Kin ga kin iya."

Matar da ta gaje shi ta gaya min cewa ranar da zai miƙa mata aiki, kafin makullai, kafin lambobin sirri, marfin nan ya fara sa mata a tafin hannu, ya sa ta hau bene ta ga inda ake manna shi. Sannan ya ce ta juya allonta bango na yini guda. Ta ce ta yi, kuma kafin azahar kanta ya yi ciwo.

Kai ne ka yi kuskuren, Malam, kai ne kuma ka riga kowa faɗa, a gaban mai iya hukunta ka, saura kwanaki ka fita da suna mai tsabta. Na zauna a wuraren da ake da dokoki masu kyau kan irin Yaya, na kuma ga yadda ake bin doka a manta da mutum. Kai ba ka da doka ko ɗaya a hannu. Marfin kwalba gare ka.

Wannan canjin ba shi ne na ƙarshe ba. Bayan 'yan shekaru za a sake cewa tsarin ya tsufa, a ofisoshi da makarantu da shaguna, wani kuma zai bi ɗaki ɗaki da takarda da salatif. In kai ne, kafin ka manna ka tsaya ka duba ɗakin. Akwai wanda takardarka ba za ta isa gare shi ba, wataƙila don ido, wataƙila don bai iya harshen da allon ke magana da shi ba, wataƙila don tsufa ya sa hannunsa ya haddace tsohuwar hanya. Je ka same shi ka gaya masa da baki, tun kafin ranar. In kana da ƙarfin hali, juya allonka bango na yini guda.

Mun gode, Malam Kashe-Kunna. Ni da Yaya da Inna, wadda ba ta taɓa ganinka ba amma kullum sai ta sa ka a addu'a. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, in ka iya.

Ina shakka. Har yanzu kusan kowace safiya muna cikin mota wayar Yaya ke ƙara.

"Tana magana?"

"Tana magana, Malam. Kai fa, ka zauna?"

"Ina zaune."

Ta cikin wayar muna jin takunsa, yana kai da komo a tsakar gida.

Jiya ma haka aka yi. Na tsaya a bakin ƙofar gidan rediyon, ta sauka ta miƙe sandarta. Ta shiga, ta wuce teburin amsa waya, ta gaida wanda ke kai, ta kama ƙarfen matakala ta hau.